Katunan saukar ƙanena sun lanƙwashe cikin dare, ina neman shawara

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan gida, ya ruwa? Da damuwa na tashi yau. Autanmu zai yi walimar saukar Alƙur'ani Asabar ta sama, ni kuma na ɗauki alkawarin zan haɗa katunan gayyata da hannuna, guda 40. Kwana huɗu ina abu ɗaya, sai yara sun yi barci nake zama. Na sayo kwali kore a Kasuwar Sheikh Gumi, na ninka, na manna farar takarda daga ciki inda zan yi rubutu, a gaba kuma na liƙa 'yar guntuwar farar shadda da ta rage daga ɗinkin kayan walimar. Jiya da daddare na jera su a kan tabarma, gwanin sha'awa. Da na idar da sallar asuba na leƙa, duk sun banƙare, takardar ciki ta yamutse, wajen ninkin kuma ya tsattsage har farin da ke tsakiyar kwalin ya fito.

Ana cikin haka yayata ta shigo, ta dube su ta ce dama wahalar banza ce, tunda yanzu minti ɗaya ya isa a tura wa mutum ɗari gayyata ta WhatsApp. Maganar nan ta fi lalacewar katunan tsaya mini a rai. To don Allah, ina na kuskure, kuma za su gyaru? Sannan ku faɗa mini tsakani da Allah, wannan abin da muke so ɗin nan wahalar banza ce?

Ɗan Madaba'a, Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Wane irin gam kika sa, kuma yaya kika shafa shi? Kwalin kuma, A4 guda kika ninka ko kin fara raba shi biyu?

Maman 'Yan Biyu:
Farin gam ne irin na kafintoci. Da yatsa na shafa, na kuwa zuba da yawa don kada ya ɓanɓare a hannun mutane. A4 ɗin guda na ninka da hannu, na bi da farce.

Ɗan Madaba'a:
To an gano bakin zaren. Farin gam akwai ruwa sosai a cikinsa. Ita kuwa takarda ƙananan zaruruwan itace ne aka matse wuri guda, da sun sha ruwa sai su kumbura, in sun bushe su tsuke. Kin jiƙa fuska ɗaya, ɗayar tana bushe, dole kwali ya karkata. Ga shi muna cikin Agusta, iskar ma a jiƙe take, abin da zai bushe nan take da hunturu yanzu sai ya kwana. Farar takardar da kika sa a ciki kuma na tabbata ta ofis ce, mai giram 80 a murabba'in mita. Falle ɗaya na A4 giram 5 ne kacal, ba ta da jikin ɗaukar gam mai ruwa. In da hali ki nemi mai 100 ko 120. Kwalin waje kuma daga 220 zuwa 300 ya fi tsayuwa.

Tsagewar ninki maganarta daban. Lokacin da inji ke shimfiɗa takarda, yawancin zaruruwan nan gefe guda suke kwanciya, kamar zaren jikin rake. In kika ninka kina bin kwanciyarsu, lafiya lau. In kika gitta su, sai sun karye. Gwajin ba wuya: ɗauki kwali ɗaya ki ɗan tanƙwara shi a tsaye ba tare da kin ninka ba, ki sake tanƙwara shi a kwance. Inda ya fi saurin bin hannunki, nan ne hanyar ninki. Yawancin A4 zarensu tsawon takardar yake bi, wato gefen milimita 297, ba gefen 210 ba. Shi ya sa ninka A4 guda ke gitta zaren. Amma in kika fara raba shi biyu, kika ninka kowane rabi, ninkin zai bi zaren, ki samu ƙaramin kati mai milimita 105 da 148, kwali ɗaya kuma ya ba ki kati biyu. Ambulan ɗin da ake kira C6 daidai da wannan girman aka yi shi.

Malamin Zane, Tudun Wada:
'Yata, kada ki zubar da ko ɗaya. Na daɗe ina koyar da yara zane da aikin hannu kafin in yi ritaya, kuma duk damina sai na ga irin wannan. Yi haka yau ɗin nan: buɗe kowane kati ki shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta. Kada ki sa jarida, tawadarta tana bin danshi ta ɓata miki aiki. Ki jera goma-goma, ki ɗora katako a kai, ki aza jarkar ruwa mai lita 10. Gobe da safe ki sauya fararen takardun, za ki ji sun yi sanyi a hannu, danshin ne suka tsotse. Ki mayar su sake kwana. Kada ki kai su rana, kada kuma ki sa dutsen guga mai zafi, gam ɗin zai yi laushi ya bi ko'ina.

Inda ninki ya tsage, bi shi da alƙalamin kala kore, ko ki ɗaura siririn ribon a kan ƙugun katin ya rufe. Nan gaba kuma kada ki ninka kwali mai kauri sai kin yi masa hanya. Nemi biron da tawadarsa ta ƙare ƙarƙaf, ki ɗora rula, ki ja layi sau biyu da ɗan ƙarfi, ba don ki yanka ba, don dai ki bar gurbi. Sai ki ninka, ki murje da bayan cokali. Takardar ciki kuma ba a shafe ta duka da gam. Siririn layi ɗaya kusa da ninki ya isa, sauran ta zauna a sake kamar shafin littafi.

Hajiya, Malali:
Allah Ya sanya albarka a karatun yaro, Ya ba shi ikon aiki da shi. Ni kam tambaya ta biyu zan taɓa, kuma ba lallai ku ji daɗi ba. Yayarki ba ta yi kuskure duka ba. Na je bukukuwa a garin nan ba adadi, ana watsewa sai ka ga katunan da aka kashe wa kuɗi a ƙasa ana takawa, masu shara su tattara. Ke ga 'yan biyu, ga girki, ga hidimar walima, ki hana idonki barci a kan abin da zai ƙare a bola? Abin da ya fi damuna ma, me kike shirin rubutawa a ciki?

Maman 'Yan Biyu:
Amin Hajiya, na gode. Na yi niyyar in fara da Bismillah da larabci, sannan hadisin nan da ke cewa mafi alherinku shi ne wanda ya koyi Alƙur'ani kuma ya koyar da shi. Ban kai ga rubutun ba tukuna.

Hajiya:
Alhamdu lillahi da ba ki kai ba. Don Allah ki bar su. Da zarar kati ya bar hannunki ba ki san inda zai kwana ba. Yaro zai iya yin wasa da shi a tsakar gida, wani ya ƙunshe gyaɗa da shi. Ki rubuta sallama da Hausa, sunan mai sauka, rana, lokaci da wuri. Hadisin a karanta shi a wurin walima, kowa ya ji da kunnensa.

Anti, Barnawa:
Sannunku 'yan'uwa. Maganar Hajiya a kan rubutu mai tsarki na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ni ma na daina sa ayar Littafi Mai Tsarki a katin da zan raba wa jama'a da yawa, saboda wannan dalilin. Amma Hajiya, ki yi mini haƙuri, a kan bola ban bi ki ba.

Aikin jinya nake yi. Akwai wata tsohuwa da ta yi makonni a ɗakinmu, duk lokacin da za mu gyara mata shimfiɗa sai ta riga mu kai hannu ƙarƙashin filo ta zaro wani abu ta riƙe. Rannan ta nuna mini. Bayan kwalin sabulu ne jikarta ta yanke, ta liƙa masa guntun atamfa, ta zana tukunya da murhu, ta rubuta "Kaka ki warke ki dawo ki yi mana ɗanwake". Gefen ya yi baƙi saboda yawan riƙewa. Tsohuwar ba ta karanta boko, amma ta haddace abin da ke ciki, tana bin layin da yatsa tana faɗa. Ranar da aka sallame ta, a bakin zaninta ta ƙulle shi. Tun daga lokacin duk Disamba nake zama in haɗa na Kirsimeti, da sallah kuma in yi wa maƙwabtana Musulmi nasu.

Katin da ake takawa a wurin biki, wanda kowa ya samu iri ɗaya ne, ba sunan kowa a kai. Shi kansa katin bugawa don rage wahala aka ƙirƙiro shi. A 1843 wani Bature a Landan, Henry Cole, wasiƙun gaisuwa suka yi masa yawa, sai ya sa aka zana masa kati aka buga guda 1,000. WhatsApp ɗin yau aikin da ya yi wa Henry Cole yake yi mana, ba laifi a ciki. To ƙanwata, ki tura wa taro saƙo ta waya. Na hannu kuma ki rubuta sunan mutum a kai, ki kai wa malamin da ya koyar da yaron, da kakanni, da gwaggonni, da duk wanda ya taɓa raka shi makarantar allo.

Ɗan Madaba'a:
Anti, kin taɓa sana'ata, bari in kare ta kaɗan. Ba don injin bugawa ba, da yawancin mutane ba su taɓa riƙe katin biki ba. Hajiya Maman 'Yan Biyu, minti nawa kati ɗaya ke ci miki?

Maman 'Yan Biyu:
Kamar 25, in ba a kira ni ba.

Ɗan Madaba'a:
Guda 40 ke nan awa 16 da minti 40, ban da zuwa kasuwa. Don ƙauna, wannan ba komai ba ne. Amma ina jin wasu a nan suna cewa za su mai da shi sana'a, shi ne nake jan kunne. Gwamnati ta kafa manyan masana'antun takarda uku a ƙasar nan, Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma yau mafi yawan takardar da muke aiki da ita daga waje ake shigo da ita. Dala na motsawa, kuɗin rim ya motsa. Ki haɗa kuɗin kwali da gam da lokacinki, ki faɗa wa mai saye, sai ya ce ai takarda ce kawai.

Auta, Rigasa:
Yaya, ni fa ina sayarwa, kuma ban faɗi ba. Sai dai ba na karɓar na taro. Ɗaya-ɗaya nake yi, wanda za a sa a cikin kayan lefe, ko na barkar haihuwa, ko wanda ɗalibai za su haɗa kuɗi su ba malaminsu. Naɗi nake yi. Ina yanka takarda mai launi siri-siri, faɗin milimita 3 ko 5, in tsaga bakin tsinken sakace da reza, in soka bakin takardar a tsagar, in yi ta murzawa har ta naɗe. Sai in sake ta kaɗan ta buɗe, in ɗiga gam a wutsiyar. In na matse gefe ɗaya ta zama ɗigon ruwa, in na matse biyu ta zama ido. Da su nake haɗa fure. Wanda ya gani ya san ba inji ne ya yi ba, ba ya yi mini ciniki sosai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Wata abokiyar karatuna ta ce duk wannan kwaikwayon Turawa ne, Bahaushe bai san kati ba, da goro da alewa ake gayyata. Na rasa amsar da zan ba ta. Baba Malam, me za ka ce?

Malamin Zane:
Auta, ki gaishe ta, ki ce ta tambayi kakanta yadda aka yi masa allon sauka. Kati a cikin ambulan baƙo ne, ba na musu, kuma goro da alewa har gobe suna da matsayinsu. Amma ƙawata abin rubutu da hannu don girmama ranar wani, mun daɗe muna yi. Yaro in ya kai ƙarshe, ana kai allo wurin mai zayyana, ya zana masa gidaje-gidaje da ja da kore da ruwan ɗorawa, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Yaro ya rungumi allonsa ya zaga gidajen dangi, ana sa masa albarka ana ba shi tukuici. Wannan allon shi ke sanar da mutane cewa an sauke. Maman 'Yan Biyu, abin da kike yi wa ƙanenki ɗan'uwan wannan ne.

Takarda ma ba yau muka san ta ba. A ƙasar Sin aka fara yin ta, ana danganta ta da wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekara ta 105 Miladiyya. Ta biyo ta Samarƙand, kafin ƙarshen ƙarni na 8 ana yin ta a Bagadaza. Malamanmu na ƙarni na 19 kuwa da takardar Italiya suka yi rubutu da yawa, fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Ina da wani tsohon littafin fiƙihu na mahaifina, rubutun hannu, falle-falle ba ɗinki, a cikin gafakarsa. Ina saurayi wata rana na ɗaga falle ɗaya ta wajen taga don in ga wani wasali da ya dushe, sai ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, babba da matsakaici da ƙarami, ba da tawada aka yi su ba. Na kira mahaifina da gudu. Ya ce alamar masu yin takardar ce, kuma malamai suna neman mai wannan alamar saboda ingancinta. Takardar tana da ɗan kauri, gefenta ya yi laushi kamar ƙyalle, baƙin rubutun kuma yana nan raɗau, jan wasalin ma bai gudu ba. Duk mai son sanin irin waɗannan rubuce-rubuce, ga Gidan Arewa nan a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, tun 1970 ake adana tarihi a wurin.

Inda nake ganin abokiyarki tana da gaskiya shi ne a zanen da muke ɗorawa. Yara suna kawo mini kati da dusar ƙanƙara da furannin da ba su taɓa gani ba, saboda abin da suka tarar a intanet ke nan. Alhali ga dagi, ga aska takwas ta gaban babbar riga, ga zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya, ga zanen hula, ga na lalle. Naɗin da kike yi, dubi faifai da kyau, daga cibiya yake farawa yana zagayawa, hannu ɗaya ne. Ki yanka takarda kala biyu ki saƙa su kamar tabarma, ki liƙa a gaban kati, ki ga yadda tsofaffi za su juya shi a hannu.

Hajiya:
Malam, Allah Ya ƙara sani, na ƙaru. Sai dai zayyanar allo da alamomin izu da na sujada da ke gefen Alƙur'ani rubutun hannu, ina ganin a bar su a inda suke. Mutane sun san su da wuri mai daraja. Kada a wayi gari ana ganinsu a katin zagayowar ranar haihuwa.

Malamin Zane:
Na karɓa, Hajiya. Alamar izu da ta sujada kam a bar wa Alƙur'ani. Amma gidajen zayyana na gefe, murabba'i da dara-dara, ba rubutu a ciki, ban ga aibu ba in an sa su a katin sauka kaɗai. A nan dai kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi, ko ya tambayi malaminsa.

Auta:
Baba, na gode, yau zan gwada naɗin faifai da ja da baƙi. Tunda ka ambaci tawada, ƙaron da ake sa mata zai yi aikin gam? Muna da shi a gida.

Malamin Zane:
Zai yi, a kan takarda marar nauyi. Ki daka shi, ki jiƙa da ruwan ɗumi ya kwana, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Irinsa ne aka daɗe ana shafawa a bakin ambulan da bayan kan sarki, shi ya sa da an lasa suke kamawa. Kaɗan za ki riƙa haɗawa, don in ya daɗe yana tsami.

Ɗan Madaba'a:
Amma ba da damina ba, Baba. Abin da lasa ke narkarwa, danshin Agusta ma zai sassauta shi, kuma kyankyaso yana bin sa. Ta bari sai iskar hunturu ta kaɗa. Shadda da ribon kuma ba zai riƙe su ba.

Maman 'Yan Biyu:
'Yan gida, na dawo da labari bayan kwana biyu. Na yi yadda Baba Malam ya ce, har da sauya takardun, kuma da gaske sun yi sanyi a hannu. Guda 33 sun miƙe sumul. Bakwai takardar cikinsu ta riga ta yamutse sosai, na yanke gabansu mai shaddar zan rataya a jikin ledojin rabon walima. Ninkin na rufe da farin ribon. Ban sa Bismillah ba, Hajiya. Na zauna da mahaifiyarmu muka lissafa sunaye, ita ke faɗa ina rubutawa, har ta tuno da wata maƙwabciyarmu ta dā a Tudun Wada wadda ta saya wa yaron allonsa na farko. Sauran jama'a an tura musu ta waya. Yayata dai tana nan a kan bakanta, ta ce awa 16 da na ba wa barci, amma ita ta ɗauki na kawunmu ta kai masa Kakuri.

Na malaminsa ne ya rage. Ina so in rubuta shi da alƙalamin kara da tawadar allo, sai na gwada a guntun takarda na ga tana ɗan yaɗuwa.

Malamin Zane:
Ruwa ya yi mata yawa. Bar bakin kurtun a buɗe ta ɗan sha iska, ko ki ƙara mata ƙaro kaɗan. Ki fere alƙalamin ya yi siriri, kuma duk dangwalawa ki fara sauke ɗigon farko a wata takarda kafin ki kai kan katin. Ki ɗauke rezar daga inda 'yan biyu za su kai hannu.

Anti:
In an gama hidimar walima, ku zo Barnawa wata Asabar mu zauna, ina da babban tebur da rula ta ƙarfe guda biyu. Auta ta koya mana naɗi, Baba ya nuna mana dagi, don ni duk lokacin da na zana shi sai layukan sun ɓace mini a tsakiya.

Hajiya:
In da rai zan zo, zan taho da jikata mai shekara 9. Almakashina na ɗinki dai ba zan kawo ba, takarda tana dakusar da shi.

Ɗan Madaba'a:
Na tambayi maigidana, ya ce guntattakin da injin yanka ke zubarwa ku kwashe. Na cika buhu ɗaya, akwai kwali fari da ruwan madara da shuɗi, akwai kuma sirara da za su yi wa Auta naɗi ba sai ta yanka ba. Na ɗora shi a kan benci don kada ruwa ya taɓa shi. Duk wanda zai biyo ta Kawo ranar Juma'a bayan la'asar ya yi mini magana.